Sankarar Fata da Magungunan da Ke Toshe Hanyar Saƙo

An nemi in yi bayani a kan sankarar fata da sababbin magungunanta.

Jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma ƙwaya ba ta hayayyafa sai da umarni. Umarnin nan yana tafiya ne kamar saƙon sarki, daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A cikin ƙwaya, furotin huɗu ne ke wannan aiki: RAS ya miƙa wa RAF, shi ya miƙa wa MEK, shi kuma ya isar ga ERK. A shekarar 2002 masu bincike a Ingila suka gano wata tawaya a BRAF, ɗaya daga dangin RAF, wadda ake samu a kusan rabin masu melanoma, mafi muni cikin sankarar fata. Wato hakimi ne ke ta ba da umarni alhali sarki bai ce uffan ba, ƙwayoyi kuwa suna ta yaɗuwa ba tsayawa.

A 2011 Amurka ta amince da vemurafenib, maganin da ke rufe bakin wannan hakimi. Ƙari yakan motse cikin makonni, amma bayan wata shida ko bakwai sau da yawa saƙon yakan sami ɓarauniyar hanya, cuta ta dawo. Shi ya sa a 2014 aka amince a haɗa dabrafenib da trametinib, a toshe BRAF da MEK lokaci guda.

To, ina namu a ciki? Mu baƙar fata, melanoma ta fi fito mana a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta faro. Wannan nau'i kuwa ba kasafai yake ɗauke da tawayar BRAF ba, don haka magungunan nan, duk da tsadarsu, yawancinmu ba za su amfane mu ba. Tiyata da wuri ita ce ta fi warkarwa.

Saboda haka, ku da ke birni, in kun je gida ku dubi ƙafafun iyayenmu. Baƙin tabon da ke ƙara faɗi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada a ce kaushi ne ko sukar ƙaya. A kai su asibitin koyarwa a yanki tsoka a gwada.