Abin da Ciwon Haƙori Yake Faɗa: Darasi daga Paris da Lyon

A farkon ƙarni na 18, duk wanda ciwon haƙori ya hana shi barci a birnin Paris, gadar Pont-Neuf yakan nufa da safe. A can masu cire haƙori suke kafa rumfunansu, da kiɗa da shela, cikinsu har da wani shahararre da ake kira Grand Thomas. Ba a tambayar majiyyaci yaushe ciwon ya soma, ko me yake tayar da shi. Magani ɗaya ne, watau a fizge haƙorin. Sarauta ma ba ta tserar da kowa ba, gama a 1685 an cire wa Sarki Louis na 14 haƙoran sama, aikin ya bar masa rami a ganda, har sai da aka yi masa lalas da jan ƙarfe.

A cikin wannan birni ne Pierre Fauchard ya buga littafinsa a kan aikin likitan haƙori a 1728. A zamanin nan jama'a sun gaskata cewa tsutsa ce take cin haƙori, kamar dai yadda har yanzu akan ji a bakin mutane a Kano ko Maraɗi. Fauchard ya ƙi wannan magana, ya kuma yi kashedi game da ɓarnar sukari. Ya nuna cewa ana iya kankare ruɓa a cike ramin, ana iya huda haƙori don mugunya ta fita. Tun daga nan aka soma ɗaukar ciwon haƙori a matsayin saƙo wanda ya kamata a saurara kafin a ɗauki awartaki.

To, daga ina saƙon yake fitowa? Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo mai ƙyalli, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin mutum, ba shi kuwa da jijiya. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, ana ce da shi dentin. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, cike da jijiyoyin ji da na jini, wanda za a iya kira ɓargon haƙori. Shi dentin cike yake da ƙananan kafofi masu ruwa a ciki, kimanin 20,000 zuwa 45,000 a cikin murabba'in milimita ɗaya. A 1963 wani masani na ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana cewa sanyi ko zaƙi suna motsa ruwan nan, motsin kuma shi ne yake taɓa jijiya.

Birnin Lyon ya ƙara haske a kan wannan bayani. Tun 1899 likita Albéric Pont ya kafa makarantar haƙori a can, yanzu kuwa ana koyar da aikin a Jami'ar Claude Bernard. A shekarun 2000 Farfesa Henry Magloire da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙwayoyin halittar da suke jere a bakin ɓargo, waɗanda aka sani da aikin gina dentin, suna kuma iya jin matsi da motsi. Ayarin Farfesa Jean-Christophe Farges kuma ya nuna cewa ƙwayoyin nan suna gane ƙwayoyin cuta tun suna tafe ta cikin kafofin, sai su kira dakarun jini. Ma'anar wannan ita ce, ɓargo yakan soma kumbura tun ruɓa ba ta iso gare shi ba, yana kuma da ikon kare kansa muddin an rage masa nauyi da wuri.

Likitoci sun kasa kumburin ɓargo kashi biyu manya. Na farko shi ne kumburi mai warkewa. Alamarsa ita ce tsira mai kaifi, kamar sukar allura, sa'ad da ruwan sanyi ko alewa suka taɓa haƙorin. Da an kawar da abin, cikin daƙiƙa kaɗan ciwon ya wuce. Ba ya tasowa da kansa, ba ya ta da mutum daga barci. A wannan mataki aikin ƙarami ne: a share ruɓar, a cike ramin, ɓargo ya koma lafiyarsa. Abin takaici shi ne, a nan ne yawancin mutane sukan koma tauna da ɗaya gefen, su ce ai da sauƙi.

Na biyu shi ne kumburin da ya wuce warkewa da kansa. A nan ciwo yakan daɗe bayan an kawar da sanyin, daƙiƙa 30 ko fiye, wani lokaci mintoci. Yakan taso haka kawai, da zogi kamar bugun zuciya, ya tsananta da dare in mutum ya kwanta. Dalili kuwa shi ne ɓargo a kulle yake cikin ɗaki mai bangon dutse. Yatsa in ya kumbura yana da wurin buɗawa, shi kuwa ɓargo ba shi da inda zai nufa. In abin ya yi nisa, shayi mai zafi yakan ƙara azaba, ruwan sanyi kuma ya kawo ɗan sauƙi, har akan ga majiyyaci ya zo asibiti riƙe da gorar ruwan ƙanƙara. Sau da yawa ba ya iya nuna haƙorin da yake ciwo, domin jijiya ɗaya ce babba take kula da haƙora da yawancin fuska. Turmin ƙasa yakan aika da ciwo zuwa kunne, na sama kuwa zuwa kunci ko gefen kai.

Akwai kuma irin da ba ya ciwo ko kaɗan, ko da yake ruɓa ta riga ta kai ɓargo. Wani lokaci, musamman ga yara da matasa, akan ga jan tsiro ya cika ramin turmi. Wannan ma kumburi ne daɗaɗɗe, ba a barinsa don ba ya damun mai shi.

Amma mataki mafi yaudara shi ne shiru. Bayan kwana da kwanaki ana fama, sai ciwo ya ɗauke, mutum ya yi hamdala. Alhali kuwa sau da yawa ɓargon ne ya mutu. Haƙorin ba ya jin sanyi kuma, yana iya dushewa ya yi duhu, ƙwayoyin cuta kuwa suna ci gaba da gangarawa zuwa ƙarshen saiwa. Daga nan sai sabon ciwo ya zo: zafi in an tauna, da jin kamar haƙorin ya fi 'yan'uwansa tsawo, sa'an nan ƙurji a dasashi ko kumburin fuska. In kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko ya doshi ido, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko buɗe baki da haɗiya da numfashi suka yi wuya, to, magana ta bar kan haƙori ta koma kan rai. Ba a kwana da wannan a gida.

Likita yakan rarrabe waɗannan matakai da gwajin sanyi, da ɗan ƙwanƙwasa haƙori, da hoton ƙashi. Duk da haka babban abin dogararsa shi ne bakin majiyyaci. Saboda haka yana da kyau mai ciwo ya lura da abu huɗu: me yake tayar da ciwon, daƙiƙa nawa yake yi, ko yana tasowa da kansa, da kuma ko yana tashinsa da dare.

Magani ya danganta da matakin. Ana iya cike rami, ko a cire ɓargo duka a wanke saiwa a toshe ta, ko a cire haƙorin in ya lalace sarai. A 'yan shekarun nan kuma likitoci sun ƙara karkata ga yanke ɓangaren da ya kamu kaɗai, su rufe sauran da wani irin siminti, kamar Biodentine na kamfanin Septodont da ke kusa da Paris, don haƙorin ya zauna da ransa. Kanumfari, wanda aka sani a Faransa ta zamanin Fauchard kamar yadda aka san shi a kasuwar Kurmi, yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya tsai da ruɓa. Ƙwayar asfirin da akan danna a jikin dasashi ƙona nama take yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya warkar da kumburin ɓargo, wurinsa shi ne sa'ad da cuta ta bazu, bisa umarnin likita.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Asuwaki ko buroshi safe da dare, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, da rage zaƙi, su ne katangar farko. In kuwa ruwan randa ya tsira wa mutum haƙori, ciwon ya wuce nan take, to, wannan shi ne gargaɗi mafi arha da zai samu, ranar ce kuma ta fi dacewa ya nemi likita.