Yaran da Aka Tsare a Nauru da Abin da Ikkilisiya Ta Yi



A Matiyu sura 2 mun karanta yadda Yusufu ya tashi da dare, ya gudu Masar da Maryamu da jariri Yesu saboda Hirudus. Ashe Ubangijinmu ma ya taɓa zama ɗan gudun hijira. Shi ya sa zancen yaran da ake tsarewa a kan iyakoki ya shafe mu.

Bari mu dubi Ostireliya. Daga 2001 zuwa 2008, da kuma daga 2012, ƙasar ta riƙa kai masu neman mafaka da suka zo ta jirgin ruwa wani ɗan tsibiri mai suna Nauru, har da yara. Ga shi kuwa ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda sashe na 28 ya ba kowane yaro haƙƙin ilimi, na 37 kuma ya hana a tsare yaro sai in babu wata hanya, shi ma na ɗan lokaci.

Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ostireliya ta yi bincike a 2014, ta gano cewa doguwar tsarewa tana lalata lafiyar tunanin yara. A 2015 aka rufe makarantar da ƙungiyar Save the Children take gudanarwa a sansanin Nauru, aka tura yaran makarantun tsibirin. Da yawa suka daina zuwa saboda tsangwama da tsoro. Kafin 2018 ta ƙare, likitoci sun ba da rahoton yaran da suka daina ci, suka daina magana.

To, me Kirista suka yi? Tun 2014 fastoci da limamai suka riƙa zama a ofisoshin 'yan majalisa suna addu'a, har aka kama waɗansu. A Fabrairu 2016, da aka shirya mayar da mutum 267 Nauru, 37 daga cikinsu jarirai, babbar majami'ar Angilika ta Brisbane da waɗansu ikkilisiyoyi suka ce ƙofofinsu a buɗe suke ga mutanen nan. Likitoci da lauyoyi su ma suka matsa. A Fabrairu 2019 gwamnati ta sanar da fitar yara huɗu na ƙarshe.

Kada mu ce mu 'yan kaɗan ne. Waɗanda suka fara zaman addu'ar nan su ma 'yan kaɗan ne. Shekarun karatu kuwa in suka wuce yaro, ba mai dawo masa da su.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su ƙirga yaran 'yan gudun hijira da ke kusa da su waɗanda ba sa zuwa makaranta, Kirista ne ko ba Kirista ba. Zumuntar mata da matasa su haɗa hannu, a biya kuɗin makaranta, a sayi littattafai. In mun ji an tsare yaro, mu je mu gan shi, mu rubuta wa hukuma da sunan ikkilisiya.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.