Jawabi Kan Tsirran Bakin Kwara Da Abin Da Suke Gaya Wa Mai Shiga Jirgi



An nemi in yi magana a kan sha'anin ƙetare ruwa, tun da yawancinmu nan Lakwaja abincinmu yana haɗe da kwale-kwale. Mai zuwa Shintaku sayen doya, mai bin ƙauyukan Kakanda neman kifi da shinkafa, duk sai an shiga jirgi. To amma mu 'yan tudu ne. Da mun zauna sai lissafin kuɗi, ba mai duban gefen ruwa. Alhali Banufen da ke tuƙa mu, tsirran nan yake dubawa ya san inda zai bi.

Mu fara da bado, mai faɗin ganye kwance a kan ruwa da farin fure. Furen nan da dare yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya rufe. Saiwarsa tana cikin laka a ƙasa, saboda haka duk inda kuka gan shi ruwan a kwance yake, ba zurfin tsakiyar kogi ba. Amma kada wani ya ce zai dira, ƙasan taɓo ne, yana riƙe ƙafa. Kakanninmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa.

Kainuwa kuwa dabam take. Ita ce mai kama da latas, ganyenta da gashi-gashi, saiwarta na reto cikin ruwa ba ta taɓa ƙasa. Shi ya sa ake ce mata dashen Allah. Ba ta nuna zurfi ko kaɗan, tana iya zama a kan ruwan da zai shanye raƙumi. Abin da take nunawa shi ne inda ruwa ya nufa da irin gudunsa.

Wanda na fi so ku riƙe shi ne burgu. Ciyawa ce mai zaƙi, shanu na son ta, ayu ma ita yake ci, kifi na ɓuya a ƙarƙashinta. Karanta yana bin ruwa, in ruwa ya ƙaru shi ma ya ƙara tsawo, ya shimfiɗu kore shar kamar fadama. Mutum ya ga an kusa gaɓa, ya yi gaggawa ya sa ƙafa, ashe ruwan ƙasa ya fi tsawonsa. Don Allah a ja wa yara kunne, ba a sauka sai matuƙi ya kafa gora ya ce a sauka. Inda jema ta fito ya fi aminci, wato ciyawar nan da ake zana da faifai da ita, domin saiwarta na riƙe gaɓa.

Haka giyayya. Itace ne da ke jure wa ambaliya. Cikin Satumba da Oktoba, in kun ga giyayya tsaye ruwa ya kai mata wuya, to kuna kan tudun jiya ne, akwai kututture a ƙasa da zai iya fasa jirgi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san yadda gari da kogi suka zama ɗaya.

Sai kuma baƙuwa. Akwai wata mai sheƙin ganye, kumburarren kara da fure ruwan shuni, mutane na haɗa ta da kainuwa. Ba tamu ba ce. Asalinta Kudancin Amurka, ta shigo ƙasar nan wajen 1984 ta ruwan Badagiri, daga baya ta bayyana a Kwara. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Tana naɗe farfelar inji, jirgi ya tsaya cik a tsakiyar ruwa da kaya niƙi-niƙi. In matuƙi ya rage wuta ya yi kwana don ya kauce mata, a daina yi masa tsawa ana cewa kasuwa za ta watse. Ya fi mu sani.

Ina roƙon ƙungiya, bayan damina a ɗauki jirgi guda, a sa wa yaranmu rigar ruwa, a sami dattijon matuƙi ya zagaya da su gaɓar Kwara da Binuwai yana nuna musu tsirran nan da sunayensu. Ni na ɗauki kuɗin mai.

Allah ya kiyaye mu a ruwa da tudu.