Jan Tirela da Birkinta

Jama'a manoman auduga, ku saurara. Tirela in ta cika, nauyinta yakan tura motar da ke janta, balle a gangara. Shi ya sa a Faransa doka ta ce, tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta, sai da birkinta.

Wasu motoci suna da 'yar na'ura kusa da direba. In ya taka birki, sai ta aika da wuta, ƙafafun tirela su ma su kama. Ku gwada ta a fili kafin ku tashi.

Wajen lodi, kashi 6 cikin 10 ya zauna gaban ƙafafu. In tirela ta fara lilo, kada ku danne birkin mota. Ku saki totur, ku matsa na tirela da hannu. Yara kuwa, kada su hau bisa auduga.