Mashaƙon Maruƙa: Suna Ɗaya, Cuta Biyu

Kalmar "difteriya" da likitocin dabbobi suke amfani da ita asalinta Girkanci ne, ma'anarta kuwa jemammiyar fata. Likitan Faransa Pierre Bretonneau ya raɗa wa mashaƙon yara wannan suna a 1826, saboda yanar da kan toshe maƙogwaro. Daga baya aka ari sunan aka laƙaba wa ciwon maruƙa.

To, amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙwayar da ke kama yara ita ce Corynebacterium diphtheriae. Ta maruƙa kuwa Fusobacterium necrophorum ce, wadda kan ruɓar da tsakanin kofato. Takan shiga ta raunin da busasshen kara ya yi a baki, sai zazzaɓi, da dalalar yawu, da warin baki, da numfashi mai ƙara.

Saboda haka malamin dabbobi a kasuwar Sara, ko mai fassara sanarwa a Birnin Kudu, kada ya ce "mashaƙo" ya yi shiru, balle bayan annobar da ta kashe yara a Arewa a 2023. Ya ce "mashaƙon maruƙa". Maraƙi penisilin yake bukata da wuri. Yaro kuwa rigakafi da asibiti.