Rufa Asiri Daban, Ha'inci Daban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan mutumin da ya nemi aikin amana ne alhali yana ɓoye abin da ya taɓa aikatawa. Zan ɗauko misali daga Amurka, domin su sun rubuta ƙa'idojin wannan al'amari filla-filla.

A can, duk wanda aikinsa zai kai shi ga asirin gwamnati sai an tantance shi an ba shi izini. Zai cika wani dogon fom mai suna SF-86, a ciki a tambaye shi ko ya sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara 7 da suka wuce, da kuma ko an taɓa kama shi ko gurfanar da shi. Wasu laifuffukan, irin na makami da na maye, ba su da wa'adi: ko da shekara 30 ne sai ya faɗa. Ƙarya da gangan a wannan fom laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

A shekarar 1981 aka ɗauki wani lebura, Thomas Egan, aiki a wani sansanin sojan ruwa a jihar Washinton, inda ake gyaran jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Da aka bincika sai aka tarar an taɓa yanke masa hukunci kan duka da riƙe bindiga, ga matsalar giya, sannan akwai hukunci 2 da bai ambata a takardar neman aikinsa ba. Aka hana shi izini, aka sallame shi a 1983. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1988 ta ce izinin nan ba hakkin kowa ba ne, hukuma ce ke da ikon bayarwa ko hanawa.

To, ga abin lura. Ƙa'idojin da suka fara aiki a 2017 sun yi sassauci ga wanda ya sha ƙwaya tun da daɗewa ya daina, ya rabu da abokan shansa. Haka ma wanda ya yi gaggawar gyara maganarsa kafin a tsare shi da hujja. Amma wanda ya yi shiru har aka bankaɗo shi, da wuya ya tsira, saboda dalili biyu: wanda ya yi ƙarya a ƙofa ba a amince masa a cikin ɗaki, kuma mai ɓoyayyen laifi maƙiyi na iya kama shi a hannu, ya ce masa ko ka ba ni asiri ko in tona naka.

Nan ne wasu 'yan'uwa ke rikicewa. Sai ka ji an ce ai Shari'a ta hana mutum ya tona asirin kansa bayan Allah Ya rufa masa. Gaskiya ne. Sai dai wannan yana cikin zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda babu hakkin kowa a ciki. Idan kuwa mai amana ya tambaye ka kafin ya danƙa maka amanarsa, ka sa hannu a kan abin da ka san ba haka yake ba, wannan sunansa ha'inci.

Ku tuna Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Munafukai suka zo da uzurori na ƙarya aka ƙyale su, shi kuwa ya ce ba shi da uzuri. Aka ƙaurace masa kwana 50, shi da abokansa biyu, har aka umarce shi ya nisanci matarsa, sannan karɓar tubarsu ta sauka a cikin Suratut Tauba. Gaskiyar ba ta zo masa da arha ba, kuma ba zan yaudare ku in ce mai faɗinta lallai zai sami aikin ba. Yana iya rasa shi.

Wanda yake ganin ba zai iya faɗa ba, yana da mafita ta halal: ya janye takardarsa, ya nemi abinci inda ba a yi masa wannan tambaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.