Wata Uku Ina Haɗa Jirgi, Daƙiƙa 11 Ya Yi A Sama

Waɗanda data ta hana su sauraron sautin, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Tun da na saka hoton jirgin nan mai ja da fari, saƙonni suka cika min waya. Wani ya ce nawa na saya, wani ya ce ai wasan yara ne, wani kuma ya ce wai in ɗauke shi in kai shi Umara. To yau zan ba ku labarinsa tun daga kwali, har da abin kunyar da ban saka hotonsa ba.

Da farko, wannan ba irin mai farfela huɗu ba ne da ake ɗaukar bidiyon biki da shi. Wancan in ka saki rimot sai ya tsaya cak a iska yana jiranka. Wannan ba ya jiran kowa. Fukafukai gare shi kamar jirgin gaske, in ya daina gudu ya daina tashi. Kuma kwaikwayon wani jirgin gaske ne da ake kira Extra 300, wanda wani Bajamushe, Walter Extra, ya ƙera musamman don wasan juyi a sama. Nawa tsawon fukafukansa mita 1.2 ne, nauyinsa da batir da komai wajen kilo 1.3.

Ranar da kwalin ya iso, bayan na yi wata biyar ina tara kuɗin gyaran waya, na buɗe sai gabana ya faɗi. Wallahi babu abin da ya yi kama da jirgi a ciki. Fale-falen katako ne siri-siri da aka yanka da leza, da sanduna, da wata babbar takarda a naɗe mai zanen jirgin daidai girmansa. Ƙanena ya leƙo ya ce, “Yaya, an damfare ka.” Katakon sunansa balsa, yawancinsa daga ƙasar Ecuador ake samo shi. In ka ɗaga sai ka ji kamar ɓargon kara, farce ma yana shiga jikinsa. Da shi ake yi saboda rashin nauyin nan.

Yadda ake aikin: ka samu allo wanda ya miƙe sosai, ka shimfiɗa takardar zanen, ka rufe ta da farar leda don kada gam ya kama ta, sannan ka riƙa jera katakon a kan zanen kana kafe shi da allurai. Ni tsohuwar ƙofa na samu na ɗora a kan benci. Ku riƙe maganar allon nan. In allonka ya karkace, fiffikenka zai fito a karkace, kuma jirgi mai karkataccen fiffike kullum sai ya ja gefe guda, har ka gaji da gyara shi a rimot.

Fiffike shi ne ya fi cin lokaci. Haƙarƙari ne da shi, ɗaya bayan ɗaya, ka zura su a doguwar sanda, ka duba kowanne ya tsaya a miƙe kafin ka ɗiga sufa gulu. Ka lura da siffar haƙarƙarin: samansa da ƙasansa iri ɗaya ne, duka a lanƙwashe. Jirgin koyo ƙasan fiffikensa a baje yake, shi kuwa na wasan juyi an yi shi haka ne don ko ya kife ciki sama, ya ci gaba da tafiya lafiya. Inda injin zai zauna kuma ba a wasa da shi, katako mai ƙarfi ne, gam ɗin ma efoksi ake sawa, mai ruwa biyu da ake gaurayawa. Sai sanfefa. Kai jama'a, na ci ƙura! Mako guda ina gurza, har Umma ta ce ko kafinta na koma. Daga ƙarshe a rufe jikin da wata leda ta musamman, da dutsen guga ake manna ta, zafi ya sa ta tsuke ta yi tamau kamar fatar kalangu. Ranar da na gama wannan, da shi na kwana a gefen katifa.

Bari mu zo kan wuta, don a nan ne yawancinku kuka yi tambaya. Injin lantarki ne mai waya uku. In ka ga yana juyawa baya, ka musanya kowace biyu daga cikin wayoyin, shi ke nan. Za ka ga an rubuta masa lamba, nawa 1000KV, ma'ana kowane volt ɗaya yana ba shi juyi kusan 1000 a minti in babu farfela a kansa. Tsakanin injin da batir akwai ɗan akwati da ake kira ESC, shi ke rage wuta ya ƙara in ka taɓa sandar gudu, kuma shi ke ba risiba volt 5 ɗin da take buƙata. Nawa mai amfiya 40 ne. Sai ƙananan injina huɗu, sarbo, su ke motsa kunnuwan fiffike biyu, da abin ɗaga hanci, da linzamin wutsiya.

Batirin LiPo ne, sel uku, 2200mAh. Kowane sel volt 3.7 ne a lissafi, in ya cika 4.2, wato duka 12.6. In na buɗe wuta gaba ɗaya yana jan wajen amfiya 30, ka ninka da volt 11, ka samu wat 330, kusan 250 ke nan ga kowane kilo. Wannan ya isa ya hau sama a tsaye. Amma minti shida nake saita agogo in sauko, don ba a shanye LiPo tas, in sel ya yi ƙasa da volt 3 ya lalace.

Kuma don Allah a ji wannan da kunnen basira. Batirin nan yana kamawa da wuta in an huda shi, ko an yi masa cajin ganganci. Ba a jona shi a tafi masallaci, ba a jona shi a yi barci, ba a barin shi a mota cikin rana. Cajarsa daban ce, mai daidaita sel-sel. Ni cikin tukunyar ƙasa nake sa shi, da yashi a ƙasa, a tsakar gida. In ya kumbura, ya gama aiki, kar ka ce bari in ɗan ƙara morar sa. In za ka yi kwanaki ba ka tashi ba, ka bar kowane sel a wajen 3.8. Kuma duk lokacin da kake saiti a ɗaki, cire farfela tukuna. Ba ta ƙara kafin ta tashi, kuma tana yanka yatsa kamar reza.

To, mu zo ranar kunya.

Asabar da safe, bayan girbi, muka tafi wani fili a bayan gari. Ni da ƙanena, da abokaina uku, sai yaran unguwa da ban san wa ya gaya musu ba. Na yi mako biyu ina koyo a manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, ina ji da kaina. Na tsaya bayan jirgin na gwada komai: in na tura sanda dama, kunnen dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Daidai. Wannan gwajin ma kada wanda ya tsallake shi, in suka juye, za ka ce dama ya tafi hagu.

Na buɗe wuta. Ya yi gudu kaɗan, sai kawai ya ɗaga hanci sama tun ban ce masa ya tashi ba. Na danna sanda gaba, ya sunkuyo kamar zai soki ƙasa. Na ja kaɗan, ya sake miƙewa tsaye. Hannuna rawa yake. Karo na uku gudunsa ya ƙare, fiffiken hagu ya faɗi, ya juya sau ɗaya, sai ji muka yi tim a cikin kututturan dawa. Ƙanena yana ɗaukar bidiyo, daƙiƙa 11 cif. Yaran suka ruga suna ihu, wani ya dawo min da taya a hannu yana murna kamar ya tsinci kuɗi. Ni dai ban ce uffan ba. A buhu muka kwaso shi.

Sati biyu buhun yana ƙarƙashin gado. Sai wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon makanikin jirgi da ya yi ritaya, wanda shi ma ya yi wannan harkar tun zamanin masu amfani da mai. Na kai masa. Ya juye buhun, ya liƙa guntayen da selotef sama-sama, ya mayar da batir mazauninsa, sannan ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu ta ƙarƙashin fiffike. Wutsiya ta faɗi ƙasa.

Ya ce, “Ɗana, ka auna ma'auninsa kafin ka tashi?”

Na ce, “Baba, na ga wata alama a takardar, na ɗauka ta ado ce.”

Sai ya yi dariya har da tari.

Ga abin da ya koya min. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, kamar sikelin mai nama. Yawanci yana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in ka auno daga gaba. Nawa faɗinsa santimita 24 ne, zanen ya ce ma'aunin ya zauna a santimita 7. Da muka auna, a 10 yake. Santimita uku kacal, faɗin yatsu biyu! In nauyi ya yi gaba, jirgin zai yi taurin kai ne kawai, ya sauka da gudu. In ya yi baya, ba ya zama wuri ɗaya, ɗan taɓi kaɗan sai ya zabura, abin da ya same ni ke nan. Kuma ni na jawo: don tsoron kada wutsiya ta karye, na lafta mata efoksi son raina. A jirgina nisan wutsiya daga ma'auni ya ninka na hanci kusan sau uku, don haka giram 10 a can baya sai an sa wajen 30 a gaba kafin su yi daidai.

Daɗin balsa shi ne yana gyaruwa. Fiffiken bai yi komai ba sai haƙarƙari uku, hancin ne ya wargaje. Muka ɗora takarda a kan zanen muka kwafi sassan, na yanka sababbi daga ragowar katakon kwalin, wanda saura ƙiris in zubar. Na kankare gam ɗin wutsiya, na matsar da batir gaba, na ɗaure shi da maɗauri don kada ya zame, na ƙara 'yar darma a hanci. Baba ya sa na rage yawan motsin kunnuwan a rimot, ya ce sai hannuna ya faɗa in ƙara.

Ya kuma ce min gaskiya, kuma na yarda: tun farko ba da wannan ya kamata in fara ba. Mai koyo ya nemi jirgi na soso mai fiffike a sama, mai tafiya a hankali. Ni son a ce ne ya kai ni.

Tashi na biyu shi ya ɗaga shi. Muka haɗa rimot biyu, nasa uba, nawa ɗa, in ya danna maɓalli tuƙi ya dawo hannuna, in ya saki ya koma nasa. Sai da ya hau sama sosai sannan ya ce, “Karɓi.” Abin da ya fi rikita ni shi ne in jirgin ya juyo yana fuskantata, damana ta zama hagunsa. Sau huɗu yana ƙwacewa. A tashi na tara na yi zagayen farko, hanci sama har ya kifa ya dawo inda ya fara. Bai fito kamar zobe ba, ya fi kama da ƙwai, amma ƙanena sai da ya yi tsalle. Yanzu ina koyon wanda ake kira Immelmann, sunan wani matuƙin Jamus ne na yaƙin duniya na ɗaya: rabin zagaye, in ka kai ƙololuwa a kife sai ka mirgina ka miƙe, ka koma ta inda ka fito. Masu cewa wasan yara ne, har gasar duniya ake yi a kansa, rukunin F3A a ƙarƙashin hukumar FAI, da jiragen da ba sa wuce mita 2.

Abu ɗaya kafin in tafi, kuma ba wasa a ciki. Kun san halin tsaro da muke ciki. Tun 2016 hukumar NCAA ta ce jirgi marar matuƙi sai da izini, har da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Ka bincika abin da doka ta ce kafin ka kashe kuɗinka. Kada ka kusanci filin jirgi, ko bariki, ko kan gidajen mutane. Mu sai da muka je muka gaida mai unguwa, muka nuna masa jirgin a hannu, muka nemi izinin mai gonar. Yara kuma kullum a bayanka za su tsaya.

Bidiyon daƙiƙa 11 ɗin yana nan a wayar ƙanena, ya ce sai na saya masa data zai goge. A shiri na gaba zan kawo muku yadda ake sauka, don har yau tayar gaban dama tana lanƙwashewa duk lokacin da na taɓa ƙasa. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.